Akun marigayi Baba ya daina magana, kuma yana tuge gashinshi

Baadara_Lazare: Salamu alaikum jama'ar gidan ga. Don Allah masu aku ku taimaka min da shawara. Babanmu Allah ya yi mishi rasuwa can Tawa, ya bar aku irin mai ruwan toka da jar wutsiya, shekara 19 suna tare. Da Inna ta fita takaba munka ɗauko ta munka maido ta nan Yamai wurina, shi kuma akun babu mai kula da shi can gida sai munka haɗo da shi cikin bis. Yau sati shida ke nan bai ce uffan ba. Tsuntsun da ke sallama, shina kiran "Hajiya a kawo ruwa" da muryar Baba sak, shina tarin Baba, har kukan salula shina yi, yanzu sai ihu da asuba kawai. Abin da ya fi tada min hankali gashin ƙirjinshi duk ya tuge shi da bakinshi, fata ta fito fili. Abinci wanda ya saba muke ba shi, hatsi da gujiya. Maƙwabciyata ta ce baki ne ya kama shi, Inna kuma ta ce ita ta fita takaba shi ya shiga. In ya mutu hannuna ban san da wane ido zan dubi Inna ba.

MaiKanari_Wadata: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ƙarin haƙuri. Tanti ina kika aje kejin cikin gida? Kuma ki turo foto in da hali

Baadara_Lazare: Amin na gode. Lungun da ke tsakanin kicin da magaza muka sa shi, don ya ciji ƙaramin ɗana a yatsa rana ta biyu, kuma maigida ba ya son ihun. Ni ina fita sarbis tun bakwai da rabi sai yamma. Ga foto nan na turo.

Alhaji_Gamkalle: Allah ya gafarta ma mahaifinki. Ɗiyata, tun kafin in ga foto na gane ciwon, lungun nan shi ne ciwon. Na fi shekara 30 ina da aku gidana. Aku ba kaza ba ne da za ka watsa ma tsaba ka juya baya. Can dajinsu garke suke yi, dare ya yi su kwana da yawa bisa itace guda, kuma in ya zaɓi abokin zama to shi ke nan. Wanda ke gida mutanen gida su ne garkenshi. Ki gaya min gaskiya, can Tawa ba zaure yake ba inda mahaifinki ke zama da abokanshi, ana shayi ana hira rediyo na yi? To kin ɗauke shi daga nan, mai shi ya rasu, ya sha bis sama da kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, ya sauka garin da bai san kowa ba, an kai shi lungu shi da bango. Ko mutum ne ai sai ya yi shiru. Maganar Hajiya babarki ta fi ta maƙwabciyarki kusa da gaskiya. Ki maido kejin inda Hajiya ke wuni, ita ce muryar da ya sani, ki jingina bayan kejin da bango don ya samu natsuwa, ki ɗaga shi sama yadda yara ba su kaiwa.

Baadara_Lazare: Wallahi Baba kamar kana nan, zaure yake, gab da kujerar marigayi.

Dan_Konni77: ki ba shi jan barkono mai zafi bakinshi zai buɗe. wani kawuna ma har kankare harshen nashi ya sa aka yi da reza, daga nan magana kamar rediyo

Beterner_227: Dan_Konni77 don girman Allah kar a sake kawo zancen reza, kar wani ya karanta ya je ya gwada. Muryar tsuntsu daga can ƙasan maƙogwaro take fitowa, inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu, kankare harshe ba ya ƙara komai sai rauni da zubar jini. Na kawunka dama zai yi maganarshi ne. Barkono kuwa a ba shi, ba laifi, tsuntsaye ba su jin zafinshi kamar mu kuma akwai bitamin ciki, amma ba shi ke sa magana ba.

Baadara, na duba foton. Abu na farko da muke kallo shi ne kai. Na ga gashin kanshi da na saman wuya lafiya lau, ƙirji da cinya ne babu, wato inda bakinshi ke kaiwa, ke nan shi ke cirewa da kanshi. Da har kai ya zube, ko sabon gashi na fitowa a murɗe, ko baki ya koma baƙi wul yana sheƙi babu farar ƙurar nan da lafiyayyen aku ke da ita, da na ji tsoron wata cutar birus ta baki da gashi wadda ba ta da magani. Alhamdu lillahi ban ga alamarta ba. Na yarda da Alhaji kan kaɗaici, amma ina ƙara abu biyu. Hatsi da gujiya zalla shekara 19 ba cima ba ce, ƙarfin hali ne kawai na tsuntsun. Gujiya mai ne, babu isasshen kalsiyom babu bitamin A, kuma irin wannan aku an san shi da ƙarancin kalsiyom, har ya kai ya faɗo daga kan sanda yana makyarkyata mutane su ce iska ne. A haɗa mishi da karoti, mangwaro, gwanda, kabewa dafaffa, ganyen zogale, wake dafaffe, ɗan ƙwai dafaffe sau ɗaya ko biyu a sati har da ɓawon a daka. Gujiya ta koma ta lallashi, ƙwaya kaɗan, kuma duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, tana lalata hanta, fumfunar kuma tana shiga huhu. Na biyu shi ne kicin. Hayaƙin gawayi, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa da na fesawa, da tukunyar nan da abinci ba ya kamawa in an bar ta kan gaz ta yi zafi sosai, duk suna iya kashe tsuntsu, wani ma cikin mintoci. Ko ba don kaɗaici ba ya kamata ya bar lungun nan yau.

Maman_Nafisa: Innalillahi, turaren wuta ma? To mu mata ina za mu sa kanmu, ni kullum bayan magariba sai na turara falo kuma tsiryata na nan

Beterner_227: Ki fitar da ita waje kafin ki sa, sai hayaƙin ya washe ki maido ta.

Dan_Konni77: to likita na janye reza amma barkono dai ka yarda da ni rabi 😂

Alhaji_Gamkalle: Likita ka manta goro. Mu tsofaffi mu ke da wannan laifi, kana ci yana kallonka sai ka gutsura ka miƙa mishi. Ni ma na yi shekarun baya kafin a faɗakar da ni. Ba a ba shi goro, ba shayi, ba kafe, ba shokola, ba aboka, ba albasa. Ɗiyata na san ku Adarawa ba ku rabo da albasar Galmi, to ban da shi.

Baadara_Lazare: Hahaha Baba ai marigayi har kumfar shayi yake ba shi a cokali, Allah dai ya tsare

Tantabara_Bukoki2: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda likita na kusa. Tantabaruna guda huɗu wuyansu ya murɗe, kai ya juya sama, in sun kai baki ga tsaba sai su sari ƙasa gefe, kashinsu ruwa-ruwa kore. Satin da ya wuce na sawo wasu biyu kasuwa na zuba cikinsu. Ina sa musu kanwa a ruwa kamar kullum amma abin gaba yake yi

Sani_Zinder: Kanwa da tafarnuwa, ka ƙara da jan kapso na farmasi ka buɗe cikin ruwansu. Haka muke yi Damagaram

Beterner_227: Tantabara_Bukoki2 ka ba kanka amsa, biyun da ka sawo su suka kawo. Wannan alamar birus ce dangin wadda ke kashe kaji lokacin hunturu, kuma kapso ba ya kashe birus, Sani, asarar kuɗi ne. Ka ware marasa lafiya nesa, ka riƙa ba su ci da sha da hannu tunda ba su iya saitin tsaba, wasu kan tashi. Ka wanke kwanonin ruwa da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Rigakafi ake yi tun suna lafiya. Kuma duk tsuntsun da aka sawo a ware shi wata guda kafin a haɗa, ko daga hannun ɗan uwanka ya fito. In kuwa kana da kaji ka ga suna zubewa da yawa dare ɗaya, kar ka yanka kar ka sayar, ka sanar da ma'aikatan kiwo. Sani ai ku kuka ga murar tsuntsaye ta 2006 a Magarya.

Sani_Zinder: An yi haka kam, lokacin ko ƙwai mutane tsoron ci suke

Ummu_Khalid: Ni fa tambayata daban. Wai ya halatta ma a kulle tsuntsu cikin keji shekara 19? Allah ya ba shi fiffike. Ni a ganina tunda mai shi ya rasu a buɗe mishi ya tafi, ladan ya kai ga marigayi.

Malam_Illela: Malama niyyarki mai kyau ce. Malamai sun halatta riƙon tsuntsu in ana ba shi haƙƙinshi, hujjarsu ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi kuma Manzon Allah (SAW) bai hana ba, har da tsuntsun ya mutu ya tambaye shi labarinshi don ya lallashe shi. Amma kuma ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba ba ta sake ta ba. To tsakanin waɗannan biyu mai kiwo yake tafiya. Wallahu a'alam.

Gandun_Daji_Ader: Ummu_Khalid in aka sake shi yau nan Yamai ba ya kwana uku. Ba tsuntsun ƙasarmu ba ne, na kurmi ne, Kamaru, Gabon, Kongo, inda ruwa ke sauka da yawa. Bai san inda zai samu ci ba, ƙila ma ba ya iya tashi da kyau bayan shekarun nan, shaho ko mussa ko yara da danƙo wani zai riga wani. Sakinshi kisa ne. Inda nake tare da ke shi ne kar a sayi sabo. Tun 2016 a taron CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji) na Johanasbag aka sa wannan aku a jerin farko, wato an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, don ya kusa ƙarewa a wurare da yawa, Gana ma kusan babu saura. Waɗanda kuke gani ana yawo da su cikin kwali, da danƙo ake kama su ko a kwashe ɗiya daga kogon itace, kuma kafin ɗaya ya iso nan da rai Allah kaɗai ya san nawa sunka mutu a hanya. Na Hajiya gado ne, ta riƙe shi da kyau, yana iya ƙara wasu shekaru 20 ko 30 don suna kai 50.

Ummu_Khalid: Na ji, amma har yanzu raina bai kwanta da keji ba gaskiya. Ko a bar shi ya riƙa yawo cikin gida

Alhaji_Gamkalle: Nawa kullum da safe yana fitowa ya hau bisa kejin ya sha hantsi, amma sai an kashe bantilater na sama an rufe ƙofa. Wani abokina bantilater ce ta raba shi da nashi.

Hadiza_Harobanda: Gandun_Daji ka tuna min takaici. Bara waccan wani ya kawo min har ƙofar gida, ya rantse ɗan wata biyar ne an haife shi a gida, na ba shi jikka 60. Tsuntsu in ka matso sai gurnani kamar kare yana faɗawa ƙasan keji. Kwana 12 ya yi ya mutu, hanci na ruwa. Daga baya aka gaya min ido ake dubawa, na yaro baƙi ne ko toka mai duhu, in ya girma ya koma fari-fari ruwan ɗorawa. Nawa idonshi rawaya tas, wato babba ne aka kamo daga daji. Abin da ya ƙara ban tsoro bayan mutuwarshi na yi zazzaɓi da tari kusan sati biyu ana ta ba ni maganin palu ba sauƙi

Beterner_227: Hadiza akwai cutar da ke tashi daga aku zuwa mutum ta ƙurar busasshen kashinsu, tana zuwa kamar mura mai zafi har ta taɓa huhu, kuma tana jin antibiyotik in an gane ta. Duk mai tsuntsu in ya je likita da irin wannan ya faɗa cewa yana da tsuntsu a gida. Wajen share keji a yayyafa ruwa tukuna, kar a share a bushe.

MaiKanari_Wadata: Shi ya sa ni na tsaya ga kanari. Ɗan acca da gero, ganyen salati, ruwa mai tsabta, ya yi maka kuka da safe kowa ya kama gabanshi. Ba ya takaba ba ya tona asirin gida 😂

Bagobiri_Asali: tona asiri kai! maƙwabcinmu a Talaje Bazabarme ne, akunshi ba ya jin Hausa ko ɗaya, ka yi sallama ya ce fofo, mate ni go. na ce ma mai shi wannan tsuntsu an cuce shi, duk harsunan duniya a rasa wanda za a koya mishi sai wannan

Hadiza_Harobanda: Bagobiri ka kiyaye mu fa, aku ma ya san harshen iyayen gidanka shi ya sa ya zaɓa

Etidiyan_Fak: Wai da gaske suna gane abin da suke faɗi ko kwaikwayo ne kawai? Na karanta labarin wani aku Alex a Amurka, wata mai bincike Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu 2007. Ya san kalmomi sama da 100, a nuna mishi abu ya faɗi launinshi, yana ƙirga ƴan abubuwa kaɗan

Baadara_Lazare: Ni dai na Baba bai taɓa yin sallama ba sai in ya ji taku a ƙofar zaure, kuma "a kawo ruwa" sai baƙo ya zauna. Ka yanke hukunci da kanka ƙanena.

Maman_Nafisa: Mu koma kan maganar Tanti, ba wanda ya yi zancen wanka. Tawa tsirya ce irin koriyar nan mai doguwar wutsiya, ƴar ƙasa ce ta saba da zafinmu amma duk da haka in na aje mata faranti da ruwa sai ta jiƙe sharkaf. Balle shi ɗan kurmi, ga iskar nan busasshiya ai dole fata ta yi ƙaiƙayi. Ki samu ƴar kwalbar fesa ruwa sabuwa wadda ba a taɓa sa komai ciki ba ki riƙa fesa mishi sama-sama da hantsi. Kuma zafi na tafe, watan huɗu da na biyar kin san yadda garin nan ke haura 40, ga ɗauke wuta. In kin ga ya buɗe baki yana haki ya ware fukafukai daga jiki to zafi ya kai mishi, ki jiƙa zane ki rufa gefe ɗaya na kejin. Kar ki aje shi saitin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kuma

Dan_Konni77: a shafa mishi man kaɗe a ƙirjin mana ko man shanu

Alhaji_Gamkalle: A'a ɗana, maiƙo na manne gashi, sai ya ƙara tsiga don ya cire. Ruwa kawai. Abin da zai ɗauke mishi hankali ake so, bakin aku bai iya zama banza, in bai samu abin ɓarzawa ba sai ya koma kan jikinshi. Ɗiyata ki sa mishi ɗanyen reshe da ɓawonshi, na zogale ko na gwaba, totuwar masara, guntun kwali marar tawada, ki ƙunshe gujiya ɗaya cikin takarda ya sha wahala kafin ya kai gare ta. In kin gan shi yana tugewa kar ki yi mishi tsawa, shi a wurinshi tsawar ma kulawa ce sai ya ƙara. Da dare a bar shi ya yi barci awa 10 cikin duhu ba tele. Kuma na ga kejin a foto, ya yi ƙanƙane ga tsatsa. Ki sa mai walda ya yi miki wanda zai buɗe fukafukai duka bai taɓa gefe ba, kar a shafa fenti a ciki don yana gwaguyar ƙarfe.

Tantabara_Bukoki2: likita ɗaya ta mutu da dare, sauran ukun suna karɓar tsaba a hannu. Waɗanda ke kwance kan ƙwai fa in raba su ko in bari su ƙyanƙyashe, saura kamar kwana biyar cikin 18 ɗin

Beterner_227: In ba su nuna alama ba ka bar su, amma kwanonsu daban, kuma ka fara da su kafin ka taɓa marasa lafiya, ka wanke hannu.

Baadara_Lazare: Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Mun maido shi falo kusa da tabarmar Inna, maigida ya yi ƴan gunaguni ya haƙura. Karoti da zogale watsar da su yake yi ƙasa kamar an zage shi, mangwaro kaɗai ya karɓa, shi ma sai da ya ga Inna na sha. Fesa ruwa ranar farko ya yi ihu har maƙwabta sunka leƙo, yanzu shina buɗe fiffike. Tugewa bai daina ba amma gashin da nake sharewa ƙasan keji ya ragu. To jiya bayan la'asar ƙanen Baba ya zo gaida Inna, yana zama sai munka ji tari daga keji, tarin Baba, sannan "Hajiya a kawo ruwa". Inna ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta fito ba sai magariba. Yau da safe ta ce in maida shi lungu ba ta iya jin muryar nan, an jima kuma na tarar da ita tana ɓare mishi gujiya. Yanzu ban san wanda zan bi ba cikin biyun.

Maman_Nafisa: Allah sarki Inna 😭 wallahi har na yi ƙwalla

Ummu_Khalid: Kar ki maida shi lungu don Allah. In ya yi mata nauyi ki kai shi baranda inda yana hango ta

Alhaji_Gamkalle: Ki bi hannunta, kar ki bi bakinta. Amma gujiyar nan ki ce ma Hajiya ta rage, likita ya ce ƙwaya kaɗan.

Dan_Konni77: tanti tsakani da Allah kin ba shi barkonon ko ba ki ba shi ba